Ƙoƙi ta kwanta rigingine: saɓa take yi ko mutuwa?

Ɗalibi a Manchesta, daren Talata

Assalamu alaikum. Na san kiwon tattabaru da kaji da zomaye aka fi tattaunawa a wannan zaure, amma yau na zo da matsalar da ba a saba ji ba, ina kuma roƙon duk mai sani a kanta ya agaza mini cikin gaggawa. Ina riƙe da wani ƙaton gizo-gizo, irin wanda ake kira tarantula, wanda abokin zamana ya bar mini lokacin da ya kammala karatu ya koma ƙasarsu wata bakwai da suka wuce. Irin na Meziko ne mai jan gwiwa, a takardar da ya bar mini an rubuta Brachypelma hamorii, ya kuma tabbatar mini mace ce, shi ya sa na raɗa mata suna Ƙoƙi. Idan ta miƙe ƙafafunta, faɗinta ya kusa santimita 12.

Da farko ba ta ba ni wata wahala ba, gyare biyu nake jefa mata a mako, ta cafke su kafin su kai ƙasa. Yau kuwa mako tara ke nan rabonta da abinci. Idan na saka mata gyare sai ta ture shi da ƙafa ko ta juya masa baya. A bayan cikinta akwai wani sanƙo da na same ta da shi, wanda da launinsa mai haske ne, amma cikin makonni biyun nan ya rikiɗe ya zama baƙi wulik, har yana sheƙi. Tafiyarta ta yi nauyi, ta daina hawa gilashi, jiya kuma ta kwana tana saƙa wani abu kamar tabarma a ƙofar maɓoyarta. Ɗazu da na dawo daga laburare wajen ƙarfe tara, sai na iske ta a kan wannan tabarmar kwance rigingine, ƙafafu a sama, ko motsi ba ta yi. Gyaren da na saka mata da safe yana nan yana yawo a cikin akwatin. Shin ta mutu ne, ko akwai abin da zan iya yi mata?

Baban Tattabaru

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sawwaƙe. Ni dai ban taɓa kiwon gizo-gizo ba, amma shekara talatin ina kiwon tsuntsaye, kuma a sanina duk halittar da ta kife ta kasa tashi, ko kyankyaso ne, to ƙarfinta ya ƙare. Shawarata ka sami cokali ka juya ta a hankali ta koma kan ƙafafunta, sannan ka ɗiga mata ruwan sukari a baki, kamar yadda muke yi wa ɗan shilar da ya galabaita. Sai dai in faɗa maka gaskiya, mako tara babu abinci ba ƙaramin abu ba ne. Ka san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Wanda ya tsare dabba, hakkinta yana wuyansa.

Mai Gizo Bakwai, daga Jamus

Don Allah ƙanena kada ka taɓa ta. Kada ka juya ta, kada ka ɗiga mata komai, kada ma ka motsa akwatin daga inda yake. Abu ɗaya kawai za ka yi yanzu, kafin ka gama karanta sauran bayanina: ka ɗauki dogon hantsaki ka fitar da gyaren nan ba tare da ka girgiza ƙasar ba. Baba, ka yi mini afuwa da na saɓa wa maganarka, kyakkyawar niyya ce ta sa ka faɗe ta, amma a wannan halittar juyawar ita ce za ta iya zama ajalinta.

Ɗalibi a Manchesta

Na fitar da gyaren, Yaya. Da kyar na kama shi, don sai da ya bi ta kusa da ƙafarta. Ina sauraron ka.

Mai Gizo Bakwai, daga Jamus

Madalla. Duk abin da ka lissafa, tun daga ƙin cin abinci har zuwa saƙa tabarma, alamun saɓa ne, irin wadda maciji yake yi, sai dai ta gizo-gizo ta fi wuya da haɗari. Gizo-gizo ba shi da ƙashi a ciki, ɓawonsa na waje shi ne ƙashinsa, kuma ɓawon ba ya buɗewa, saboda haka ba shi da hanyar girma sai ya tuɓe tsohon gaba ɗaya. Makonni kafin ranar, sabon ɓawo yana tsirowa a ƙarƙashin tsohon. Baƙin da ka gani a wurin sanƙon nan sabon gashi ne ka hango ta cikin tsohuwar fata. Shi kansa sanƙon ba cuta ba ne: tarantulolin nahiyar Amurka suna da wani gashi mai ƙaiƙayi a bayan ciki, wanda suke karkaɗowa da ƙafafun baya idan an dame su, kuma yawan karkaɗawar shi yake barin wurin fili.

Idan lokacin ya yi, sai ta shimfiɗa tabarmar saƙa ta kwanta rigingine, domin a haka ne ta fi samun sauƙin zare ƙafafunta takwas daga cikin tsofaffin kubensu. Tana iya yin sa'o'i a haka ba motsi, har mutum ya rantse ta mutu. Ta farko da na taɓa kiwo, shekara tara da suka wuce, saura kaɗan in jefa ta a kwandon shara a irin wannan halin, Allah ne ya sa na ga ƙafa ɗaya ta motsa.

Kwanciyar mutuwa daban take, kuma ya kamata kowa a zauren nan ya riƙe bambancin. Tarantula mai shirin mutuwa a kan cikinta take zama, ta naɗe ƙafafunta gaba ɗaya a ƙarƙashin jikinta, kamar yadda mutum yake dunƙule hannu. Dalili kuwa shi ne, a manyan gaɓoɓin ƙafar gizo-gizo akwai tsokar lanƙwasawa amma babu ta miƙewa. Da matsin ruwan jikinsa yake miƙe ƙafa, kusan yadda jak ɗin mota mai aiki da mai yake ɗagawa. Idan ƙishirwa ta yi tsanani ko jini ya zuba, matsin sai ya faɗi, ƙafafun su ƙanƙame. Wadda take rigingine da ƙafafu a buɗe, a kan tabarmar da ita ta saƙa da kanta, aiki take shirin yi.

Gyare kuwa na ce a fitar da shi ne domin bayan saɓa jikinta zai yi laushi kamar dafaffen ƙwai da aka ɓare, kuma gyare mai yunwa yana iya gutsurar ta, ba ta da halin kare kanta.

Baban Tattabaru

Ikon Allah. To na janye maganar cokali, ɗana, ka bi ta yayanka. Amma maganar yunwa ba ta kwanta mini ba tukuna. Tattabara idan ta kwana biyu ba ta ci ba, hankalina tashi yake yi. Ta yaya rai zai yi wata biyu babu ci a ce lafiya lau?

Mai Gizo Bakwai, daga Jamus

Baba, tattabara jininta mai ɗumi ne, kullum jikinta yana ƙona abinci don ta riƙe zafinta ta kuma tashi sama. Tarantula kuwa yawancin rayuwarta a zaune take a bakin rami tana jiran abin da zai gifta, ba ta kashe ƙarfi sai kaɗan. Akwai wata irin ta ƙasar Chile, Grammostola rosea, wadda ta yi suna a wajen masu kiwo da yajin cin abinci na watanni masu yawa, wani lokaci har ya haura shekara, ba tare da ta rame ba. Ba yawan kwanaki muke dubawa ba, cikinta muke dubawa. Muddin dunƙulen bayan nan a cike yake, bai yamutse ba, kuma akwai ruwa a kwanonta, to ba a zalunce ta ba. Ƙanena bai hana ta abinci ba, ita ce ta ƙi, kuma tana da hujja, tunda hatta rufin cikin maƙogwaronta da na tumbin da take tsotsa da shi suna cikin abin da za ta tuɓe.

Likitar Dabbobi

Barkanku da dare. Na yarda da Malam mai gizo bakwai cewa saɓa ce ta fi kusa, kuma kada a taɓa ta. Duk da haka, aikina ya koya mini kada in tsaya a kan amsa ɗaya kafin in kore sauran, don haka ƙanena ina da tambayoyi. Kafin ta kwanta, ka taɓa ganin tana fizge-fizge, ƙafafunta suna karkarwa, tana tafiya kamar wadda ta bugu, ta kai wa abu cafka ta kuskure? Ka lura da wani farin abu mai danƙo a kewayen bakinta, ko wani wari daga akwatin? Sannan akwai wanda ya yi feshin maganin ƙwari a gidan, ko akwai kare ko kyanwa da aka ɗiga wa maganin ƙuma da kaska a ƙeya?

Na tambayi na farko ne saboda masu kiwo suna da wata larura da suke kira DKS, wato rikicewar motsi, wadda ba cuta guda ba ce, tarin alamu ne, kuma abin da aka fi zargi da haddasa ta shi ne guba. Maganin ƙumar da ake ɗiga wa karnuka da kyanwoyi, irin mai sinadarin fipronil, an yi shi ne don ya kashe ƙuma da kaska ta hanyar lalata jijiyoyinsu, kaska kuwa dangin gizo-gizo ce. Mutum yana iya shafa kyanwa, ya ɗauki gyare da wannan hannun ya jefa a akwati. Farin abin bakin kuma alamar wasu ƙananan tsutsotsi ce da suke mamaye bakin tarantula su hana ta ci. A shekarar 2022 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside sun bayyana wani sabon nau'insu da suka samu a jikin tarantulolin kiwo. Idan wannan ne, labarin ba mai daɗi ba ne, kuma dole a nisanta ta daga wasu.

Ɗalibi a Manchesta

Likita, babu fizge-fizge, babu farin abu, babu wari. Amma gabana ya faɗi da kika ambaci kyanwa, domin sabuwar mai haya a ɗakin ƙasa tana da ita, kuma na ga tana ɗiga mata wani magani a ƙeya a watan jiya. Kyanwar ba ta shiga ɗakina, sai dai nakan shafa ta idan mun haɗu a kicin. Da hantsaki nake ɗaukar gyare, amma kwanon ruwa da hannu nake cirewa in wanke.

Likitar Dabbobi

Tunda wata guda ya wuce ba ka ga wata alama ba, da wuya a ce ta samu guba, ka kwantar da hankalinka. Daga yau dai ka riƙa wanke hannu da sabulu, ka ɗauraye sosai, kafin ka taɓa komai nata. Abin da zan ƙara shi ne danshi. Yanzu lokacin sanyi ne a Ingila, hita tana busar da iskar ɗaki, kuma abin da na fi jin tsoro a saɓa shi ne ƙafa ta maƙale a tsohon ɓawo. Da ni ce, da na ɗan fesa ruwa a bangon akwatin. Idan kuma ta fito a galabaice, akwai dabarar da ake yi ta saka ta a ƙaramin mazubi mai huji, a shimfiɗa mata takarda mai laima, ta kwana a wuri mai ɗumi.

Mai Gizo Bakwai, daga Jamus

Likita, a nan kam zan ja da ke, tare da girmamawa. Gashin jikin tarantula shi ne kunnenta, da shi take jin motsin iska da girgizar ƙasa, kuma feshi a kusa da ita a wannan halin firgita ta zai yi, ta yi yunƙurin juyawa a tsakiyar aiki. Ruwan da yake raba tsohon ɓawo da sabo daga cikin jikinta yake fitowa, daga abin da ta sha a makonnin baya. Feshin minti ɗaya ba zai ƙara mata komai ba. Wannan nau'in kuma daga yammacin Meziko yake, wajen jihohin Colima da Jalisco da Michoacán, inda ake doguwar rani, bai saba da ƙasa mai caɓi ba. Idan lallai ana son ƙarin danshi, a tsiyaya ruwa kaɗan a kusurwar da ta fi nisa da ita, ya jiƙa ƙasar wurin kawai.

Shi kuwa mazubin takarda mai laima, na san an daɗe ana koyar da shi, ni ma na yi shi sau ɗaya, kuma na yi nadama. Huhun tarantula guda huɗu ne, a ƙarƙashin cikinta suke, masu shafi-shafi kamar littafi, kuma iskar da ta cika da laima ba ta zagayawa ita ce take ƙarasa mai rauni. Idan ƙishirwa ce matsalar, abin da na ga yana aiki shi ne a matso da kwanon ruwa marar zurfi a ɗora bakinta kawai a kai, cikinta yana waje. Wannan ma ga wadda ta naɗe ƙafafu ne, ba ga mai saɓa ba.

Likitar Dabbobi

Na karɓi maganar feshin, hujjarka ta fi tawa. A kan mazubin kuwa ban sauka gaba ɗaya ba, domin wadda ta bushe a akwati mai faɗi, a ɗakin da hita take ci dare da rana, tana bukatar wurin da ruwan jikinta zai daina tsanewa, kuma idan an huda mazubin da kyau iska za ta shiga. Amma na yarda ba a kai nan ba, kuma ba na fata a kai. Ƙanena, nawa ne zafin ɗakin?

Ɗalibi a Manchesta

Ma'aunin yana nuna digiri 23. Na tsiyaya ruwa a kusurwa kamar yadda Yaya ya ce, na cika kwanon, na kashe babbar fitila na bar ƙarama.

Mai Gizo Bakwai, daga Jamus

Digiri 23 ya yi daidai. Kada ka ƙara mata wani abin ɗumama, musamman irin shimfiɗar lantarkin da ake sakawa a ƙarƙashin akwati, domin ita idan ta ji zafi ƙasa take tonawa ta gudu, sai ta tarar wutar ma daga ƙasan take. Je ka kwanta idan za ka iya.

Ɗan Zango, daga Kumasi

Ina bin wannan magana tun farko ina mamaki. Mu nan muna da manyan gizo-gizo masu gashi a jikin itatuwan kwakwar manja, masu hawa bishiya suna tsoron su ƙwarai. Su ma tarantula ne? In kuwa su ne, me zai hana mutum ya kamo ɗaya ya ajiye, maimakon a sayo daga Meziko?

Mai Gizo Bakwai, daga Jamus

Su ne, ɗan'uwa. Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suna da nasu, kuma masu kiwo a Turai sun san su sarai: akwai Stromatopelma calceatum mai zama a kan itatuwan kwakwa, akwai Heteroscodra maculata ta wajen Togo da Ghana, akwai kuma Hysterocrates gigas ta Kamaru mai tona rami. Sai dai halinsu ba ɗaya ba ne da na Ƙoƙi. Na Afirka da Asiya ba su da gashin ƙaiƙayi, don haka makaminsu gudu ne da cizo, suna da saurin da ido ba ya bi, dafinsu kuma yana sa raɗaɗi mai tsanani da ɗaurewar tsoka na kwanaki. Masu hawa bishiyar nan ba banza suke tsoro ba. Ban da wannan, wadda aka kamo daga daji takan zo da tsutsotsi ko wasu ƙwari a jikinta. Sannan ka tuna a gidajenmu da wuya a kwana ba a kunna maganin sauro ko an yi feshi ba, kuma hayaƙin da yake kashe sauro ba zai bar gizo-gizo a akwati ba. Ka bar su a kan bishiyarsu.

Ɗalibi a Manchesta, asubar Laraba

Barci ya gagara, na zauna a kujera ina kallo daga nesa. Wajen ƙarfe biyu ƙafafunta suka fara wani ɗan motsi, suna buɗewa suna rufewa a hankali. Can sai ɓawon saman kanta ya ɓalle ta gefe kamar murfin tukunya. Daga nan ta shiga turo tsohon ɓawon sama kaɗan-kaɗan, ta yi yunƙuri ta huta, ta sake yi ta huta, sababbin ƙafafun suna zarewa daga cikin tsofaffin a jiƙe, har na ga kamar gizo-gizo biyu ne suka rungumi juna. Ƙafa ɗaya ta baya ta daɗe ba ta fita ba, na ɗauki hantsaki har sau biyu ina ajiyewa. Da aka kira sallar asuba a wayata ta riga ta fita. Yanzu tana nan rigingine a gefen tsohon ɓawon tana miƙe ƙafafu tana lanƙwasawa, fiƙoƙinta farare fat kamar madara, sanƙon ya ɓace, jan gwiwoyin nan kuma ya yi kamar an zuba manja. Alhamdu lillahi.

Baban Tattabaru

Alhamdu lillahi. Da ka bi ta tawa da yanzu muna ta'aziyya. To sai a ba ta abinci ta mayar da ƙarfi ko?

Mai Gizo Bakwai, daga Jamus

A'a Baba, saura haƙuri. Miƙewa da lanƙwasawar da take yi don gaɓoɓin su bushe a sake ne, ita za ta juya da kanta. Fiƙoƙin nan farare masu laushi ne, za su koma ja, sannan su koma baƙi, kuma sai sun yi baƙi ƙirin za a ba ta abinci. Ga mai girmanta, a jira kwana 10 zuwa 14. Idan ta kai wa gyare cafka da fiƙa mai laushi ta karye, ba za ta iya ci ba sai wata saɓar. Ruwa kawai take bukata. Ka kuma duba tazarar da ke tsakanin ƙasar akwatin da murfi. Idan ta wuce faɗin ƙafafunta sau ɗaya da rabi, ka ƙara ƙasa bayan ta warware, domin faɗuwa daga sama tana fasa cikin masu nauyi irinta. Ka ajiye garin sitacin masara a kusa, shi ake barbaɗawa a ƙaramin rauni idan ruwan jikinta yana tsattsafowa. Ba ja ba ne kamar jininmu, garai-garai yake da ɗan shuɗi-shuɗi.

Idan ta matsa daga wurin, ka ciro tsohon ɓawon ka ɗauko mana hotonsa da nata, musamman ta gaba.

Ɗalibi a Manchesta, daren Alhamis

Ta juya jiya da rana, yau ta koma bakin kwanon ruwa. Na ciro ɓawon, amma na yi wautar ɗaukarsa da hannu, yanzu tsakanin yatsuna sai ƙaiƙayi yake kamar na taɓa ƙaiƙayin gero. Ga hotunan. Na lura ƙafafunta sun ƙara tsawo sosai, cikin kuma ya ƙanƙance.

Likitar Dabbobi

Kada ka kai hannun nan ido ko kusa. Gashin yana da ƙananan ƙayoyi masu kama nama, kuma idan ya shiga ido yana iya nutsewa ya haddasa kumburin da sai likitan ido ya sa hannu. Ka manna salatif a wurin ka ɗaye sau da yawa, ka wanke da ruwan sanyi da sabulu. Tabarmar da ta yi saɓa a kai ma cike take da gashin, da hantsaki za ka ɗauke ta. Idan ido ya yi ja ko ka ji kamar tsakuwa a ciki, ka tafi asibiti a ranar, ka kuma gaya musu abin da kake kiwo.

Mai Gizo Bakwai, daga Jamus

Na ƙura wa hoto na uku ido, ƙanena, kuma ina da labari mai daɗi da marar daɗi. Saɓar ta yi kyau, babu ƙafar da ta nakasa. Amma ka dubi gajerun hannaye biyun nan da ke gefen baki: ƙarshensu ya dunƙule kamar hannun ɗan dambe da aka naɗe. Ka kuma dubi ƙarƙashin ƙafafun gaba biyu, za ka ga 'yar ƙugiya a kowace. Waɗannan ba sa fitowa sai a jikin namijin da ya balaga. Da dunƙulen yake ɗaukar maniyyi, da ƙugiyar kuma yake tokare fiƙoƙin mace lokacin barbara don kada ta cije shi. Ƙoƙinka Gizo ne.

Abokinka bai yi maka ƙarya da gangan ba, kafin balaga namiji da mace kamarsu ɗaya, sai an buɗe tsohon ɓawo an duba tsakanin huhun gaba ko akwai ma'ajiyar maniyyi irin ta mace. Marar daɗin shi ne, mace a wannan nau'in tana iya haura shekara 20 tana saɓa lokaci-lokaci, namiji kuwa wannan ce saɓarsa ta ƙarshe, abin da ya rage masa bai cika wuce shekara ɗaya zuwa biyu ba. Halinsa ma zai canza, ina gaya maka tun yanzu don kada ka sake tayar mana da hankali da tsakar dare. Zai riƙa zagaye akwatin ba hutawa yana neman hanyar fita, zai rage ci, zai saƙa wata 'yar rumfa ya shiga ƙarƙashinta rigingine ya ɗebi maniyyi, sannan ya rushe ta. Duk wannan ba ciwo ba ne, mace yake nema.

Ɗalibi a Manchesta

Na koma na haska da fitilar waya, ƙugiyoyin suna nan kamar yadda ka faɗa. Wallahi jikina ya yi sanyi, don har na fara tunanin yadda zan yi da ita, ko in ce da shi, idan na gama karatu. Yanzu mene ne ya fi dacewa, Yaya? In riƙe shi har ƙarshe, ko akwai abin da ya fi masa?

Baban Tattabaru

Ni a ganina, ɗana, namijin da ya isa aure ba a barin sa gwauro. Ko a tattabaru haka muke yi.

Mai Gizo Bakwai, daga Jamus

A wannan karon ni da Baba bakinmu ɗaya. Masu kiwo suna da al'adar ba da aron namiji ga wanda yake da balagaggiyar mace, idan an dace a raba 'ya'yan, kuma a Ingila ba za ka rasa su ba, tunda akwai ƙungiyar masu tarantula ta Birtaniya da ta daɗe tana aiki. Yana da amfani, domin duk jinsin Brachypelma yana cikin jerin yarjejeniyar CITES, wadda take ƙayyade cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasashe, saboda yawan kwasar su da aka yi daga daji, kuma duk wanda aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo ya rage bukatar a kamo wani. Ka adana takardar da abokinka ya bari. Ka kuma tura wa mai macen hotuna masu kyau tun kafin ku yi magana mai nisa, saboda an daɗe ana rikita hamorii da 'yar'uwarta smithi, sai a 2017 aka tantance su sosai, kuma masu kiwon kirki ba sa son a gauraya su. Ka sani dai macen tana iya cinye shi, wannan yana faruwa, sai ka yanke shawara da saninka.

Ba yau za a yi wannan ba. Ka bari fiƙoƙin su yi baƙi, ka ba shi gyare ɗaya, in bai ci ba cikin kwana guda ka cire. Ka danne murfin da wani abu mai nauyi. Ranar da ka ga ragowar rumfar da ya rushe, ka sanar da ni, daga nan ne ya shirya tafiya.

Ɗalibi a Manchesta, bayan kwana goma sha biyu

Fiƙoƙin sun yi baƙi tun shekaranjiya. Ɗazu na jefa masa gyare, ya tsaya kamar bai gani ba, sai da gyaren ya taɓa ƙafarsa sannan ya cafke shi. Na ƙara ƙasa har tazarar ta koma santimita 15, na ɗora ƙamus a kan murfin. Rumfar dai ban gan ta ba tukuna, amma tun daren jiya ya fara zagaye.